Hanyar Lafiya da Hanyar Nema a Cikin Ruwan Bagaja

1. Abin da a ke nufi

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in an jera su sai a ga kamar suna jayayya da juna. Na farko ya ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Na biyu kuwa ya ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai gaggawa zai ɗauka na farko yana kiran mutum ya zauna inda ya saba, na biyu kuma yana tura shi daji. Amma in an natsu za a ga bakinsu ɗaya. Wanda ya yarda ya shekara a kan hanya ai ya yarda ya sha rana da ƙishirwa ke nan, abin da ya ƙi shi ne ganganci. Wanda ya bi zomo da gudu kuma ya san ba a zaune a ke samun nama ba. Duka biyun suna zargin abu guda, watau gajeriyar hanya, wadda ta ke yi wa mutum alkawarin samu ba tare da ya biya kome ba.

Manufar wannan takarda ita ce a ɗauki wannan ma'auni a gwada shi a kan littafin Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, domin a cikin littattafan zube na Hausa babu wanda ya fi shi shahara da zancen barin gida don neman abin da ba a san inda ya ke ba. Har sunan littafin ya shiga bakin mutane, in abu ya yi wuyar samu sai a ce ya zama ruwan Bagaja. Za a duba tafiya iri biyu, ta jarumin labarin da ta mawallafin. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, littafin ya fi ƙarfi a wuraren da mawallafin ya bi hanyar da ba wanda ya share masa, ya kuma yi rauni a wuraren da ya sauƙaƙa wa kansa da jaruminsa. Za a kawo Ganɗoki da Shaihu Umar don gwadawa, da ya ke haihuwarsu ɗaya da shi.

2. Yadda littafin ya samu

A 1929 gwamnatin Arewa ta kafa Hukumar Fassara, wadda aikinta shi ne juya littattafan Turanci da na Larabci zuwa Hausa saboda makarantun boko. Da aka mai da ita Zariya sai ta koma hannun Rupert East, a 1933 kuma aka sake mata suna ta zama Hukumar Talifi. East ya lura fassara kaɗai ba za ta sa mutane su ƙaunaci karatun boko ba, sai an sami littattafan da 'yan ƙasa suka ƙaga da kansu, waɗanda mutum zai karanta don jin daɗi. Saboda haka a wannan shekara ya zagaya manyan garuruwan Arewa, ya gana da malamai, ya nemi su shiga gasar rubuta labari mai tsawon kalmomi wajen 20,000. Daga wannan gasa aka fitar da littattafai biyar waɗanda aka fara bugawa a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida da East suka yi tare.

Ya kamata mai karatu na yau ya gane nauyin abin da aka nema daga waɗannan mutane. Rubutu da Hausa ba baƙo ba ne a lokacin, don tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u a ke tsara waƙoƙin wa'azi da madahu da fiƙihu cikin ajami. Amma wannan rubutu na gaskiya ne da tsoron Allah, yana da ƙa'idodinsa na ma'auni da amsa-amo, kuma wanda ya yi shi girma ya ke ƙara masa. Labarin ƙage kuwa gurbinsa tatsuniya, ita kuwa ta dare ce, ta tsofaffin mata da yara, ba a san malami da ita ba. A maƙalar da East ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana cewa babbar wahalar da ya sha ita ce ta shawo kan malamai su yarda aikin ya cancanci a ɓata masa lokaci. Ba su yi wauta ba da suka yi ɗari-ɗari. Mutumin da ya zauna ya cika takarda da abin da ya san bai faru ba, sa'an nan ya sa sunansa a bangon littafi, ya ba da kafar da za a kira shi maƙaryaci a gari.

Abubakar Imam yana da dalilin jin wannan tsoro fiye da mutane da yawa. An haife shi a Kagara a 1911, a gidan alƙalanci da karatu. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Watau sa'ad da gasar ta zo yana ɗan shekara 22, sabon malami, mai albashi da mutunci, wanda hanyarsa ta riga ta miƙe. Ba abin da zai rasa in ya kame hannunsa, kamar yadda da yawa suka yi. Nan ne tafiya ta farko ta soma, tun kafin jarumin littafin ya ɗaura sirdi.

3. Tashi daga Kwantagora

An gina littafin bisa labari cikin labari. Wani mai yawon tara labarai, Koje Sarkin Labari, ya isa Kwantagora, ya sadu da attajiri Alhaji Imam, shi kuwa ya kwashe tarihin rayuwarsa ya ba shi. Tushen tafiyar shi ne, ɗan Sarki ya kwanta ciwo an rasa magani, Liman wanda ya riƙi Alhaji Imam a matsayin uba ya ce Ruwan Bagaja ne zai warkar da shi, sai aka mai da maganarsa abin dariya a fada, aka kunyata shi. Yaron ya ɗauki alkawarin ba zai zauna ba sai ya nemo ruwan.

Wannan mafari yana da kyau ƙwarai, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Ba kwaɗayin dukiya ya fitar da yaron ba, ba a kuma kore shi ba. Abin da ya fitar da shi shi ne mutuncin tsoho wanda aka taka a bainar jama'a. Ga kuma abin da ya fi wannan: ba wanda ya san ko ruwan yana nan a duniya. In falke ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ya san akwai Gwanja, akwai madugu, akwai zango bayan zango. In alhaji ya nufi gabas a ƙasa, ko zai shekara bakwai a hanya, ya san Makka tana nan. Shi wannan yaro ya fita neman abin da zai yiwu babu shi, bisa amanar maganar mutum ɗaya. In ya dawo hannu wofi ya tabbatar da dariyar fadawa, ya daɗa wa Liman kunya a kan kunya. Hanya mai sauƙi a buɗe ta ke gare shi, watau ya haɗiye fushi ya ce ai maganar manya ce. Mawallafin ya ɗaura wa labarinsa babban alkawari a nan, kuma da wannan alkawari ya kamata a auna sauran littafin.

4. Malam Zurƙe, inda mawallafin ya yi ƙoƙari

Tsakiyar littafin, wadda ita ce mafi yawansa, ba neman ruwa a ke yi a cikinta ba. Alhaji Imam yana shiga gari yana fita, yana neman abin da zai ci da wayonsa, a nan kuma ya yi ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Yau wannan ya ƙulla wa wancan, gobe wancan ya rama. Wanda duk ya karanta littafin yana yaro, in an tambaye shi bayan shekara talatin, Zurƙe zai fara tunawa kafin ya tuna yadda aka ɗebo ruwan.

Imam da kansa ya faɗa daga baya cewa ya ɗauko dabarar mutum biyu masu yawan haɗuwa daga Muƙamatul Hariri, littafin da Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya tsara cikin muƙama 50, kuma malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karanta shi don sanin lugga. Amma sai a dubi abin da ya yi da aron. A wurin Hariri aiki a rabe ya ke: Abu Zaidu shi ne mai wayo da damfara, Harisu kuwa, wanda ya ke ba da labari, mutumin kirki ne mai kallo, ya kan yi mamaki, ya kan yi zargi, hannunsa kuma ya kan fita da tsabta. Wannan rabo garkuwa ce ga mawallafi, don in an tuhume shi sai ya ce shi yana tare da Harisu. Imam ya jefar da garkuwar. Ya mai da mai ba da labarin ya zama shi ne babban ɗan damfara, ya sa shi yana faɗin ɓarnarsa da bakinsa ba tare da nadama ba, sa'an nan ya laƙaba masa sunan Imam, sunan da ya ke bangon littafin. Ɗan gidan alƙali da ke koyar da 'ya'yan manyan Katsina ya yi wannan a 1933. Ba ƙaramar kasada ba ce.

Misalin da ya fi bayyana haka shi ne na gardamar ilmi. Alhaji Imam ya sauka a wani gari na marasa karatu, ya shiga rigar malanta alhali kuwa ba shi da abin da ya taka kara ya karya, aka kuwa karɓe shi. Sai ga Zurƙe, wanda ya fi shi karatu nesa ba kusa ba, ya zo zai tona masa asiri. Da aka taru, Alhaji Imam ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya nemi a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya bi haruffan Larabci da suka yi kama da zanen yana ambata su ɗaya bayan ɗaya, ana ce masa bai faɗa daidai ba. Daga ƙarshe mai zanen ya ce ai jinjirin wata ne, jama'a suka duba suka ga lalle ya yi kama, aka yi wa mai ilmi ature.

A kan karanta wannan wuri a yi dariya a wuce, amma akwai magana a ƙarƙashinsa. Taron nan an ajiye masa amsa biyu. Ɗaya sai wanda ya yi shekaru a gaban allo zai iya tantance ta, ɗaya kuwa kowa ya taɓa ɗaga kai ya ga wata zai gane ta nan take. Taron ya zaɓi mai sauƙi, ya kori wanda zai amfane shi, ya riƙe wanda ya ke cutarsa. Mawallafin bai tsaya ya yi wa'azi a kan haka ba, bai kuma sa wata azaba ta sauko wa maƙaryacin a shafi na gaba ba. Ya bar jahilci ya ci nasara a gaban idon mai karatu, ya bar masa hukunci. Ga mutumin da ya tashi cikin adabin da kowane baiti ya ke ƙarewa da gargaɗi, wannan kamewa ita ce abu mafi wuya, kuma ita ce ta sa wurin bai tsufa ba.

Haka al'amarin ya ke ta wajen harshe. Da Imam ya so, da ya rubuta irin Hausar littattafan makaranta na lokacin, mai tsabta, mai sanyi, wadda a ke jin ƙamshin fassara a jikinta. Maimakon haka ya kawo Hausar kasuwa da ta zaure da ta gaban alƙali, da ba'a da kirari da baƙar magana, ya zuba su a takarda. Ba shi da wani littafin zube na Hausa da zai duba ya ga yadda a ke sa mutum biyu su yi cacar baki a rubuce har mai karatu ya ji muryoyinsu. Littattafan tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 an ɗauko su ne daga bakin masu faɗi, ba a ƙaga su don ido ba. Wannan fanni Imam da kansa ya sare dajinsa.

5. Inda aka bi gajeriyar hanya

Abin da ba a sani ba iri biyu ne a cikin littafin. Akwai baƙuncin mutane: garin da ba ka da kowa, ba ka da ko anini, ba ka san halin sarkinsa ba. Wannan Imam ya san shi, don ƙasar cike ta ke da fatake da almajirai da 'yan ci-rani masu ba da labarinsa. Akwai kuma baƙuncin al'ajabi, na aljanu da tekuna da biranen da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Wannan daga littattafai ya zo. Manazarta sun daɗe da nuna kamannin wasu sassan da tafiye-tafiyen Sindbad na cikin Dare Dubu da Ɗaya, da kuma tatsuniyar Jamus ta ruwan rai wadda 'yan'uwan nan Grimm suka rubuta, inda a can ma ciwon gidan sarauta ne ya sa aka fita neman ruwa.

Aro ba laifi ba ne, an ma ga yadda aron Hariri ya yi albarka. Inda matsalar ta ke shi ne, da labarin ya kusanci ruwan, sai wayon da jarumin ya yi shekaru yana wasawa ya daina aiki. Aljanu ne suka ɗauki nauyin sauran tafiyar, aka gaya masa abin da zai yi da abin da zai bari, ya bi, ya samu. Ba a ga inda wani abu da ya koya a hannun Zurƙe, ko wata wuya da ya sha a garuruwan mutane, ta zama mabuɗin ƙofar ƙarshe ba. Za a iya cire rabin rigingimun tsakiya, ko a sauya jerinsu, ƙarshen bai motsa ba. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma a nan ta kai shi.

Daga wannan sai wani rauni ya biyo. Alhaji Imam ya dawo Kwantagora bayan shekaru masu yawa, ɗan Sarki ya warke, an wanke Liman, dukiya da girma sun samu. Amma mutumin da ya dawo shi ne wanda ya fita, sai dai ya fi arziki. Ba a ga abin da tafiyar ta karɓe daga gare shi ba, ba a kuma ji ya taɓa zama cikin dare yana shakkar ko Liman ya yi kuskure ba, alhali kuwa wannan shakka ita ce ainihin nauyin alkawarin da ya ɗauka. Mafarin littafin ya yi tambaya mai tsanani, ƙarshensa ya amsa wata mai sauƙi.

Ganɗoki, na wansa Muhammadu Bello Kagara, ya faɗa irin wannan rami ta wata fuska. Farkonsa yana tsaye a kan tarihi na gaske, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kwantagora a 1901, suka kuma gama da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Nan akwai babban abin da ba a sani ba, watau yadda barde zai rayu a duniyar da takobi ya daina magana. Amma daidai inda wannan tambaya ta taso, sai mawallafin ya ɗauke jaruminsa ya kai shi ƙasashen aljanu, inda takobi ya ke ci har yanzu. An sami kirari mai daɗi da yaƙe-yaƙe masu armashi, an kuwa kauce wa abin da ya fi wuyar rubutawa.

6. Uwar Shaihu Umar

A cikin littattafan nan biyar, wanda ya kai wannan jigo inda ya kamata shi ne Shaihu Umar, kuma ba ta kan jaruminsa ba. Shi Umar ba shi ya zaɓi tafiya ba, sace shi aka yi yana yaro, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ya ƙetare Sahara. Wadda ta zaɓa ita ce uwarsa. Tana da wurin zama da dangi, kuma ba wanda zai zarge ta in ta ce ta bar wa Allah. Ta tashi ita kaɗai, mace, a zamanin da hanya ta ke cike da masu kamun bayi, tana bin labarin ɗanta. Aka yaudare ta, aka sayar da ita, aka kai ta Murzuk, har ta kai Tarabulus cikin bauta da ciwo. Ta ga ɗanta da idonta, ba ta kuwa daɗe ba bayan haka ta cika.

Tafawa Ɓalewa bai ba ta zoben sihiri ko aljani mai ɗauka ba. Hanyar da ta bi hanyar ayarin Ghat da Murzuk da Tarabulus ce, wadda bayi na gaske suka bi da ƙafafunsu. Ta sami abin da ta fita nema, ta biya da 'yancinta da ranta, kuma mai karatu ba zai iya cewa ta yi wauta ba, ba zai kuma iya cewa ta ci riba ba. Littafin ba shi da zaƙin bakin Ruwan Bagaja, Hausarsa a natse ta ke, wani wuri ma har ta yi sanyi. Amma ta fuskar gaskiyar abin da nema ya ke ci, ya fi shi.

7. Hanzari da amsarsa

Mai hanzari zai ce an yi wa Ruwan Bagaja rashin adalci, don littafin raha ne, ba a kuwa neman hawaye a wurin wasan dariya. Wannan magana tana da ƙarfi. Ba don rahar ba da littafin bai kai shekara 90 ana karanta shi ba, kuma abin da East ya nema ke nan, littafin da zai ja mutane zuwa karatu. Amma ba daga waje aka kawo ma'aunin ba, littafin ne ya kafa shi da kansa sa'ad da ya buɗe da kunyar Liman da rantsuwar yaro. Kuma an ga a gardamar jinjirin wata cewa Imam yana iya haɗa dariya da magana mai nauyi a wuri guda. Wanda ya iya wannan a tsakiya, ba laifi a tambaye shi dalilin da ya sa bai yi a ƙarshe ba. Amsar da ta fi kusa ita ce ƙuruciya da rashin magabaci: saurayi ne ɗan shekara 22 yana gina irin ɗakin da bai taɓa ganin an gina ba, da ya zo rufi sai ya ɗauko wanda ya gani a littattafan wasu.

Rayuwarsa ta bayan haka ta nuna wace tafiya ce ta fi zama tasa. A 1936 ya je Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littafi uku daga 1937 zuwa 1939, inda ya ɗauko labarai daga Gabas da Turai ya narkar da su har suka zama kamar a nan aka haife su. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya bar aji ya zama editanta na Hausa na farko, aikin da bai koya a kwaleji ba. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a 1981. A kowane mataki ya bar abin da ya iya ya kama abin da bai iya ba tukuna, ba kuwa aljanin da ya ɗauke shi.

8. Ga malaman da ke koyar da littafin

Akwai gajeriyar hanya a koyarwa ma. Ita ce a sa ɗalibai su haddace sunayen garuruwan da Alhaji Imam ya bi, sa'an nan a rubuta musu a allo cewa darasin littafin shi ne mai haƙuri ya kan dafa dutse. Wannan darasi ba ya cikin littafin, don jarumin bai dafa dutse ba, dafaffe aka ba shi. Ɗalibi mai kaifin hankali zai lura da haka, in kuwa malami ya rufe masa baki ya zama ɗaya daga cikin taron da ya zaɓi jinjirin wata.

Abin da ya fi amfani shi ne a sa ɗalibai su ware wuraren da jarumin ya fita da dabararsa da wuraren da aka fitar da shi, su faɗi waɗanda suka fi zama a ransu da dalilin haka. Sa'an nan a ajiye tafiyarsa kusa da ta uwar Shaihu Umar, a tambaye su abin da kowannensu ya biya. A kuma jawo misali daga ƙasar da makarantar ta ke. Malamin da ke Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura, alal misali, yana da tarihin Ɗan Tunku a ƙofar gidansa, wanda ya bar Dambatta ya kafa Kazaure a 1819, ya yi shekaru yana fama da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ne ya daɗe a kan abin da ya kafa. Yana kuma da iyayen ɗalibansa, waɗanda da yawansu sun san ci-rani, sun san yadda a ke sauka a birni ba masauki. Yaron da ya ji waɗannan zai iya auna labarin Alhaji Imam da ma'aunin da ya sani.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne, Ruwan Bagaja ya cancanci matsayin da ya ke da shi, amma ba don ruwan ba. Darajarsa tana wurin Malam Zurƙe, da Hausar da aka saki ta yi magana da muryarta, da mai ba da labari wanda ya ƙi wanke kansa. Waɗannan su ne wuraren da mawallafin ya taka ƙasar da ba sawun kowa a kanta, su ne kuma ya kamata malami ya fi daɗewa a kansu tare da ɗalibansa.